Henry Bloch da ƙofar da aka rufe masa a garin haihuwarsa

A ƙarshen shekarar 1990 wani dattijo ɗan shekara 68 a birnin Kansas City na Amurka ya nemi zama ɗan wani kulob na masu hannu da shuni, irin wurin da manyan gari ke haɗuwa su buga golf, su ci abinci, su ƙulla ciniki ba tare da an rubuta komai ba. Sunan wurin Kansas City Country Club. A garin aka yanke wa dattijon cibiya, a nan ya yi karatun sakandare, a nan ya yi aure ya haifi 'ya'yansa huɗu, kuma kamfaninsa na cikin waɗanda garin ke tinƙaho da su. Sai labari ya iso masa ta bayan fage cewa kwamitin tantancewa ba zai karɓe shi ba, saboda Bayahude ne. Bai ɗaga murya ba. Ya janye takardarsa ya koma ofis.

Da a nan maganar ta mutu, da ba wanda zai ji. Amma cikin 'yan kulob ɗin akwai Tom Watson, ɗaya daga cikin gwanayen golf na duniya, wanda ya ɗauki babban kofin Birtaniya har sau biyar. Matarsa ta lokacin Bayahudiya ce. Watson ya ajiye katinsa ya fice, jaridu suka ɗauka, kunya ta kama masu kulob, ba a jima ba suka buɗe ƙofar da suka rufe.

Sunan dattijon Henry Bloch. Shi da ƙanensa Richard suka kafa H&R Block, kamfanin da ke cike wa Amurkawa takardun haraji. Ya rasu a 2019 yana da shekara 96, kuma kamar yadda aka saba, masu rubuta ta'aziyya suka jera masa kambu uku: tsohon soja, ɗan kasuwa, mai riƙon iyali. Irin wannan jerin yana da sauƙin rubutawa, shi ya sa yawanci ba ya gaya maka komai game da mamacin. Ina so in buɗe kowane kambu in ga abin da ke ciki, har da wanda ba zai yi wa masoyansa daɗi ba.

Na san wani zai tare ni tun daga nan: malam, duk mutanen kirkin da suka shuɗe ka rasa wanda za ka tuna sai Bayahude, a wannan zamani da jinin Gaza bai bushe ba? Tambayar ba ta banza ba ce, kuma zafin da ke bayanta ni ma ina jin sa. Amma gwamnatin Isra'ila ita za ta amsa abin da ta aikata. Mutumin da nake magana a kai an haife shi ranar 30 ga Yulin 1922 a jihar Missouri, shekara 26 kafin a kafa ƙasar Isra'ila, kuma kusan duk rayuwarsa a tsakiyar Amurka ya yi ta. Mu da ake kallonmu da idon tuhuma a filayen jirgin sama saboda abin da wasu masu irin sunanmu suka aikata, ya kamata mu fi kowa sanin ɗacin a ɗora wa mutum laifin da bai ji ba bai gani ba. Ya tabbata a ingantaccen hadisi cewa an wuce da wata gawa ta gaban Manzon Allah (SAW) sai ya miƙe tsaye. Aka ce masa ai gawar Bayahude ce, ya ce, shin ba rai ba ne? Ya kuma tabbata cewa ya bar duniya sulkensa na jingine a hannun wani Bayahude saboda sha'irin da ya karɓo wa iyalinsa. Wanda ya san waɗannan biyun ba ya bukatar izinin kowa kafin ya auna rayuwar Bayahude da mudun da zai so a auna tasa.

Mu fara da soja. Bloch ya shiga rundunar sojan saman Amurka a Yaƙin Duniya na Biyu, aka tura shi Ingila cikin Runduna ta Takwas, wadda aikinta shi ne kai wa Jamus hari da rana tsaka. Jirginsu B-17 ne, mai inji huɗu, mai ɗaukar mutum goma. Shi ba matuƙi ba ne, mai duba hanya ne. Wurin zamansa can cikin hancin jirgin, gaban ɗan ƙaramin tebur, da taswira da fensir da kamfas da agogo. Daga gudun jirgi da ƙarfin iska da mintunan da suka wuce zai lissafa inda suke, ya faɗa wa matuƙi ya karkata dama ko hagu. Yana wannan lissafi ne a sama da ƙafa dubu ashirin, fuska cikin takunkumin iskar shaƙa, cikin sanyin da idan ka cire safar hannu ka taɓa ƙarfe fatarka za ta manne, ga bindigogin kakkaɓo jiragen sama na fashewa kewaye da su. Kuskuren ɗigo ɗaya a takarda na iya kai mutum goma cikin teku. Da farko ƙa'ida ita ce wanda ya yi fita 25 ya gama nasa, daga baya aka ƙara zuwa 30, aka sake ƙarawa zuwa 35, kuma da yawa ba su kai ko rabi ba. Runduna ta Takwas kaɗai ta rasa mutum wajen 26,000. Bloch ya yi fita 32 ya dawo da ransa.

Akwai wani nauyi da shi da irinsa suka ɗauka wanda sauran abokan jirginsu ba su ɗauka ba. Kowane sojan Amurka yana rataye da 'yar farantin ƙarfe a wuya mai ɗauke da sunansa da lambarsa da harafi ɗaya na addininsa, don a san yadda za a yi masa sutura. Na Yahudawa harafin H ne. Ka yi tunanin saurayi ɗan shekara ashirin da ɗoriya yana shawagi a saman ƙasar da gwamnatinta ke tattara danginsa tana hallakawa, da wannan harafi a ƙirjinsa, ya kuma san cewa idan aka harbo jirgin ya sauka da lema, abu na farko da za a duba ke nan. Tsoron ba na banza ba ne. A Fabrairun 1945 Jamusawa sun ware fursunonin yaƙi Amurkawa 350, da yawansu saboda Yahudawa ne ko an yi zaton haka, suka kai su sansanin aikin bauta na Berga, inda gommai suka mutu. Yahudawan Amurka sama da rabin miliyan ne suka sa kaki a wannan yaƙi.

Ba zan wanke bama-baman ba. Abin da jiragen Runduna ta Takwas suka zuba bai tsaya kan masana'antu da tashoshin jirgin ƙasa kawai ba, ya faɗa kan gidaje, ya kashe mata da yara. Mai duba hanya shi ne ya kai jirgin wurin. Duk wanda ya kira wani gwarzon yaƙi ya kamata ya tuna akwai waɗanda suke ƙasa. Sai dai kuma gwamnatin da aka yaƙa ita ce ta Hitila, kuma ban san wata hanya ta lallashi da za ta tsayar da ita ba.

Wannan yaƙin namu ne mu ma, ko da yake mun fi saurin mantawa. Ina yaro akwai wani tsoho a unguwarmu da kowa ke kira Baba sojan Boma. Gadi yake yi a wani sito. Yana da wata tsohuwar jakar kaki da ba ya bari kowa ya taɓa, kuma idan ya ji daɗin hira sai ya miƙe ya ƙame ya sara mana, mu kuwa mu kwashe da dariya, don a ganinmu wasa yake. Sai da na girma na san cewa runduna ta 81 da ta 82 ta Afirka ta Yamma sun yi yaƙi da Japanawa a dazukan Boma, kuma Hausa ce harshen bariki a tsakanin sojojin da aka ɗiba daga Najeriya. Shi da Bloch ɓangare ɗaya suka yi wa yaƙi a shekaru ɗaya. Amurka ta yi doka a 1944 wadda ta buɗe wa sojojinta da suka dawo hanyar karatu da rancen gida da na sana'a, duk da cewa baƙaƙen fata a can ma an tauye musu rabonsu. Namu sun dawo da lambar ƙarfe da ɗan kuɗin sallama da bai kama ƙafar na Bature ba. Don haka idan an ce wane ya dawo daga yaƙi ya gina daula da guminsa, a tambaya wace ƙasa ya dawo ya tarar, wa kuma ya tare shi a tasha.

Shi Bloch wanda ya tare shi dangi ne. Mahaifinsa lauya ne, shi kuma ya yi digirin lissafi a Jami'ar Michigan. Soja ta tura shi Harvard ya koyi ƙididdiga, a can ya ci karo da wata lacca ta wani farfesa mai suna Sumner Slichter, wadda ke cewa manyan kamfanoni suna da ƙwararrunsu, ƙungiyoyin ƙwadago suna da nasu, ƙaramin ɗan kasuwa ne ba shi da mai taimaka masa. Maganar ta zauna masa. A 1946 shi da wansa Leon suka ranci dala 5,000 a hannun wata dattijuwa mai arziki cikin danginsu, Kate Wollman, suka kama ɗan ofis suka sa masa suna United Business Company. Sunan ya fi ofishin girma. Aikinsu riƙe wa masu ƙananan shaguna littafin shiga da fita.

Kasuwa ta ƙi. Leon ya gaji ya koma karatun lauya. Henry ya tsaya shi kaɗai yana bin shago-shago, har ciniki ya ɗan motsa ya ga yana bukatar mataimaki, sai ya ba da cigiya a jarida. Labarin da kamfanin ke bayarwa shi ne wadda ta amsa cigiyar mahaifiyarsa ce, ta ce ga ƙanenka Richard nan, ɗauke shi. Duk wanda ya taɓa buɗe shago ya san wannan kiran. Uwa ba ta karanta sharuɗɗan ɗaukar aiki.

Shekara tara suna wannan aiki na littafi, cike takardar haraji kuwa ɗan ƙari ne da suke yi wa abokan cinikinsu. Har sun yanke shawarar dainawa saboda yana cinye musu lokaci. Wani daga cikin abokan cinikin, mai sayar da filin talla a jaridar Kansas City Star, shi ya ce kada su daina, su gwada tallata shi. A Janairun 1955 tallar ta fito: a cike maka takardar haraji a kan dala 5. Kashegari ofis ya cika maƙil. Cikin 'yan makonni sun tara sama da dala 20,000, kusan sulusin abin da tsohon kasuwancinsu ke kawowa a shekara guda bayan wahalar shekara tara.

Masu rubuta tarihin attajirai suna son su tsaya a nan su ce basira. Ni abin da na gani ya fi haka tsawo. Kafin yaƙi, harajin kuɗin shiga a Amurka na masu kuɗi ne, waɗanda ke biya a 1939 ba su wuce miliyan 4 ba. Don a biya kuɗin yaƙi aka faɗaɗa shi, aka fara cirewa daga albashi a 1943, kafin 1945 masu biya sun haura miliyan 42. Yaƙi ya ƙare, haraji bai koma ba. A 1954 aka sake rubuta dokar harajin gaba ɗaya, aka kuma mayar da ranar ƙarshe ta miƙa takarda daga 15 ga Maris zuwa 15 ga Afrilu. Ana cikin haka hukumar haraji ta ƙasa ta daina cike wa mutane takarda kyauta a Kansas City. Wato leburan masana'anta da direban babbar mota da malamar makaranta sun wayi gari da takarda mai sarƙaƙiya, da tsoron hukuma, ba kuma mai duba musu. Yaƙin da Bloch ya yi da fensir a hancin jirgi shi ne ya haifi harajin da ya zo ya ci abinci da shi da fensir a kan tebur. Rabo ne, amma rabon ya tarar da mutumin da ya yi shekara tara yana zaune a wurin da zai faɗo. Da ya bi Leon ya tafi, da wani ne ya tsinta.

A nan ne suka canza harafi. Sunan gidansu Bloch ne, da h a ƙarshe, kuma Amurkawa da yawa kan karanta shi kamar wata kalmar Turanci mai nufin tabo ko ɗigon tawada. Ba wanda zai kai takardar harajinsa wurin mai ɓata takarda da tawada. Sai suka rubuta Block a allon shago, suka bar Bloch a katin shaidarsu. Dalilin da suka bayar na kasuwa ne, kuma na yarda da shi. Abin da ya ba ni mamaki shi ne bayan shekara 35, lokacin da sunan mai k ya shiga kowane lungu na Amurka, mutanen kulob mai h suka gani.

Abin da ya biyo baya sananne ne, ba sai na daɗe a kai ba. A 1956 suka buɗe ofisoshi bakwai a New York, inda hukumar haraji ta janye taimakonta a can ma. Cikinsu ba mai son barin gida ya koma can, sai suka miƙa wa wasu akantoci biyu su gudanar da sunan kamfanin suna biyan kaso, daga nan tsarin ba da suna haya ya samo asali a wurinsu. A 1962 suka shiga kasuwar hannun jari. Suka buɗe makarantar koyar da cike haraji don su samu ma'aikatan da za su yi musu aikin wata uku zuwa huɗu a shekara. Kafin ƙarshen shekarun 1970, cikin kowace takardar haraji tara da aka miƙa a Amurka, ɗaya ta bi ta hannunsu. Henry da kansa ya riƙa fitowa a tallar talabijin, mutum mai sanyin murya da kamannin malamin lissafi, kuma wannan fuskar ta sayar fiye da duk wata waƙar talla.

To ga inda ta'aziyya kan yi tsalle ta wuce. Kasuwancin da ya tsiro daga wahalar da dokar haraji ke ba talaka, ribarsa tana ɗorewa ne muddin wahalar ta ɗore. A ƙasashe da dama ma'aikaci mai albashi ɗaya ba ya cike komai, ko kuma hukuma ta aiko masa da lissafi a shirye ya duba ya amince. A Amurka duk lokacin da aka yunƙura za a yi haka, kamfanonin cike haraji, H&R Block da Intuit a gaba, sukan zuba kuɗi wajen kamun ƙafa a majalisa. A 2002 suka ƙulla yarjejeniya da hukumar haraji: su za su ba masu ƙaramin ƙarfi hanyar cikewa kyauta ta intanet, ita kuma hukuma ba za ta gina tata ba. A 2019 'yan jaridar ProPublica suka bankaɗo cewa kamfanonin suna ɓoye shafukan kyautar daga injin bincike, don mai nema ya faɗa kan na kuɗi. H&R Block ya fice daga yarjejeniyar a 2020. A 2024 hukumar kare masu sayayya ta tarayya ta tuhume shi da yaudara a tallar "kyauta", aka sasanta a kan dala miliyan 7.

Kafin wannan akwai wanda ya fi muni. Shekaru da yawa kamfanin yana tallata rance a kan rarar harajin da gwamnati za ta mayar wa mutum. Kuɗinka ne, nan da mako biyu ko uku za su iso, amma kana cikin matsi, sai a ba ka yau a yanki wani abu. Idan aka lissafa abin da aka yanka a ma'aunin shekara, ruwan yakan haura ɗari bisa ɗari. Mai kuɗi ba ya karɓar irin wannan rance, na wanda kuɗin haya ya kama ne. Ƙararraki suka yi ta zuwa, a 2005 kamfanin ya amince ya biya dala miliyan 62.5 don kashe wasu daga ciki. Mu da muka san hukuncin riba ba sai an yi mana dogon bayani ba.

Nawa ne daga cikin wannan ke wuyan Henry Bloch? Ya sauka daga shugabancin gudanarwa a 1992, ya bar kujerar shugaban hukumar daraktoci a 2000. Ɓoye shafukan intanet da abin da ya biyo baya ba a hannunsa aka yi ba. Amma rancen ya fara tun yana kan kujera, kuma arzikin da ya yi kyauta da shi daga hannun jarin wannan kamfani ya fito. Ba na ganin adalci ne a ɗora masa duka, ba na kuma ganin adalci ne a wanke shi tas. Mutum na iya zama mai gaskiya a mu'amalarsa ta fuska da fuska, wanda ba zai cuce ka ko sisi ba, ya kuma gina injin da daga baya zai riƙa tatsar mutanen da aka gina shi don a taimaka musu. Ya fara da dala 5 don leburan da hukuma ta juya wa baya. Jikan wannan leburan ne aka wayi gari ana sayar wa kuɗinsa da ruwa.

Kambu na uku, na iyali, shi ne wanda na fi zargi a kowace ta'aziyya, domin ba mamacin da ba a ce masa mai son iyali. Ana faɗa wa wanda 'ya'yansa ba su san kalar dariyarsa ba. Saboda haka na fi son in ga abin da mutum ya yi a ranar da son iyali ya zo masa da tsada.

Ta zo wa Bloch a 1995. Ɗansa Tom ya shiga kamfanin tun yana saurayi, ya hau mataki-mataki, ya gaji kujerar uban a 1992. Burin kowane mai dukiya ke nan, ya ga ɗansa a kan abin da ya gina. Bayan shekara uku Tom ya ce ya gaji, zai sauka. Ba wani kamfani zai koma ba, aji zai shiga. Ya tafi wata makarantar Katolika a unguwar marasa galihu ta Kansas City, St. Francis Xavier, yana koya wa yara lissafi. A 2000 shi da wasu suka kafa makarantar University Academy don irin waɗannan yara. Kamfani ya ɗauko shugaba daga waje, kuma daga ranar ba wani mai sunan Bloch da ya sake riƙe ragamarsa.

Ka sa kanka a wurin uban. Shekara kusan hamsin kana gini, ka miƙa wa ɗanka makulli, ya juyo ya ce Baba, ni alli nake so. Na san gidaje, kai ma ka sani, inda wannan magana za ta jawo taron dangi, a kira kawu da baffa, a yi ta zuwa ana dawowa, a ƙarshe a yi barazanar baki. Muna cewa muna yi don ɗan ne, alhali sau da yawa sunanmu muke karewa. Henry Bloch bai tsaya a ƙofa ba. Uba da ɗa suka ci gaba da zama gari ɗaya, suna aikin taimakon jama'a tare, har ƙarshen ran uban. Kamfanin kuma bai rushe ba, domin tun farko a kan littafi da tsari aka gina shi, mutumin da ya fara sana'a da riƙe wa wasu littafi bai bar nasa lissafin a ka ba. Wani ɗan'uwan mahaifina yana da rumfa uku a kasuwa, duk bashin da yake bi da wanda ake bin sa a ƙwaƙwalwarsa suke. Ranar sadakar bakwai masu bin sa suka zo da shaidu, waɗanda yake bi kuwa ko ɗaya bai tuna ba. Kafin shekara ta zagayo rumfa ɗaya ta rage.

Ƙanensa Richard ma ya bar kamfanin ta wata ƙofar. A 1978 likita ya ce masa yana da sankarar huhu, saura masa wata uku. Ya nemi ra'ayin wasu likitocin a Houston, aka yi masa magani mai tsanani, ya warke. Ya sayar da kasonsa a 1982 ya ƙarar da sauran rayuwarsa wajen taimakon masu sankara, yana nanata musu kada su tsaya kan maganar likita ɗaya. Wanda aka ba wata uku ya ƙara shekara 26, ya rasu a 2004, kuma ciwon zuciya ne ya ɗauke shi.

Sai Marion, matar Henry. Sun yi aure a 1951, suka zauna shekara 62. Ƙari ya fito mata a ƙwaƙwalwa, ta yi shekaru masu yawa tana jinya, ƙarfinta na raguwa a hankali, yana gefenta har ta rasu a 2013. Cibiyar kula da cututtukan ƙwaƙwalwa ta asibitin Saint Luke's a garin sunanta take ɗauke da shi. A gidauniyar da suka kafa a 2011 ma sunanta ke gaba da nasa.

Kyautarsa kusan duk a Kansas City ta tsaya, garin da wani ɓangarensa ya taɓa ce masa bai isa ya zauna teburinsu ba. Ya ba makarantar koyon kasuwanci ta jami'ar garin dala miliyan 32 a lokaci guda. Wani zai ce neman suna ne, tunda an liƙa sunan a jikin gini. Wataƙila akwai wannan, ɗan Adam ne. Amma mutumin da aka wulaƙanta yana da hanya mai sauƙi, ya kwashe dukiyarsa ya koma inda ake ganin girmansa, kuma attajirai da yawa sun yi hakan a kan abin da bai kai wannan ba. Mu nan mun san zancen ɗan asali da baƙo, mun san mutumin da kakansa aka haifa a gari amma har gobe ana tambayarsa takardar ƙaramar hukumarsa. Abin da Bloch ya yi shi ne ya ƙi yarda cewa 'yan kwamitin kulob ne masu garin. Ƙiyayyar kuma ba ta mutu da buɗe ƙofar kulob ba. A Afrilun 2014 wani ɗan bindiga mai aƙidar fifita farar fata ya je cibiyar Yahudawa da gidan tsofaffinsu a Overland Park, a gefen Kansas City, da niyyar kashe Yahudawa. Ya kashe mutum uku. Dukkansu Kiristoci ne.

Shi da Marion sun yi shekaru suna sayen zane-zanen manyan masu zanen Faransa na ƙarni na 19, irin su Monet da Manet da Cézanne, har da na Van Gogh, suna ratayewa a bangon gidansu. Guda 29 ne, kuma kowane ɗaya zai iya sayen unguwa. Bayan rasuwarta aka sauke su daga bangon aka kai gidan tarihi na Nelson-Atkins, wanda shigarsa kyauta ce, aka buɗe wa jama'a ɗakunan a 2017. Ɗan makarantar da Tom ya koya wa lissafi zai iya shiga ya tsaya gaban abin da a da sai baƙon gidan Bloch ke gani, ba mai tambayarsa katin zama ɗan kulob.

Henry Bloch ya rasu ranar 23 ga Afrilun 2019, kwana takwas bayan rufe karɓar takardun harajin shekarar.